Yadda Ake Gane Layukan Ƙarfe a Hasken Rana Don Auna Zafin Korona

A ranar 7 ga Agusta, 1869, lokacin da wata ya rufe fuskar rana ruf a sararin Amurka, wasu masana taurari biyu, Charles Young da William Harkness, kowa a inda ya kafa kayan aikinsa, suka tsaga farin hasken da ya rage a gewayen rana. A ciki suka ga wani siririn layi kore shar, wanda bai dace da na kowane sinadari da aka sani a doron ƙasa ba. Da aka rasa mai layin, sai aka ƙirƙiro masa: aka ce sabon sinadari ne, aka raɗa masa suna koroniyam. Layin ya yi shekara 70 ba a san ainihin mai shi ba. Sai a 1939 Walter Grotrian na Jamus ya buɗe hanya, Bengt Edlén na Suwidin ya kammala hujja a 1942: babu wani koroniyam. Baƙin ƙarfen da kowa ya sani ne, amma wanda tsananin zafi ya fizge wa elektaron 13 daga cikin 26 da yake da su.

Wannan ganowa ta sauya ilimin rana baki ɗaya. Zafin fuskar rana da ido ke gani kusan digiri 5,800 ne a ma'aunin Kelbin, kuma a irin wannan zafi ƙwayar zarrar ƙarfe da ƙyar take rasa fiye da elektaron ɗaya. Kafin a raba ta da 13 sai filasma, wato iskar da zafi ya ɓalle wa ƙwayoyinta elektaron, ta doshi digiri miliyan 2. Ke nan korona, wato siririyar iskar da ta kewaye rana, wadda mutanen Ghana da Najeriya da Nijar da Chadi suka gani da idonsu a kusufin 29 ga Maris, 2006, ta ninka fuskar rana zafi sau ɗaruruwa. Tun daga lokacin ƙarfe ya zama ma'aunin zafin korona. Sai dai ma'aunin ba ya aiki sai an tabbatar wane layi ne na wane matakin ƙarfe, kuma dacewar lamba da lamba a cikin jadawali ba ta isa hujja ba.

Dalilin zaɓar ƙarfe

A cikin filasma mai zafi, elektaron da ke yawo sakaka suna ta bugun ƙwayar ƙarfe, kowane bugu mai ƙarfi ya ɓalle mata ɗaya daga cikin nata. Iya zafin wuri, iya yawan waɗanda za ta rasa. Masana suna rubuta matakin da lambar Rumawa bayan alamar Fe, kuma lambar kullum ta ɗara yawan waɗanda aka rasa da ɗaya. Fe I cikakkiyar ƙwaya ce, Fe II ta rasa ɗaya, Fe XII ta rasa 11, Fe XXIV ta rasa 23, saura uku kacal. Kowane mataki da ya rasa wani abu ana ce masa ayon. Elektaron na farko yana fita da ƙarfin elektaron-bolt 7.9, amma na 13 sai da 361.

Kowane ayon yana da tsawon zangon da yake fitar da haskensa a kai, kamar yadda kowace tashar rediyo take da mitar da ake kama ta a gajeren zango. Ana auna wannan tsawo da angistirom, mai alamar Å, wato kashi ɗaya cikin biliyan 10 na mita. Kuma kowane ayon yana da iyakar zafin da yake rayuwa a ciki: idan wuri bai kai ba, bai samu ba tukuna, idan ya zarce, ya riga ya koma mataki na gaba.

Ga jerin da duk mai wannan aiki yake haddacewa. Fe VIII yana bayyana a wajen digiri 400,000 zuwa 500,000. Fe IX, mai layin 171.07, yana ƙasa kaɗan da miliyan ɗaya. Fe X a 184.54 yana kan miliyan ɗaya, Fe XI a 188.22 ya ɗan haura, Fe XII a 195.12 yana wajen miliyan 1.5. Daga nan sai Fe XIII a 202.04, da Fe XIV a 211.32 da 264.79 a kusan miliyan 2, da Fe XV a 284.16 sama da haka kaɗan, da Fe XVI a 262.98 da 335.41 a tsakanin miliyan 2.5 da 3. Can sama akwai Fe XVIII a 93.93 a wajen miliyan 7, da Fe XXI a 1354.08 a wajen miliyan 10, da Fe XXIV a 192.03 wanda ya kusa miliyan 20.

Babu wani sinadari da ya shimfiɗa matakansa haka a cikin ɗan ƙaramin fili na bakan haske, ga shi kuma da yawa a rana. Akwai wata fa'idar da ta fi waɗannan. Yawan sinadarai a korona ba daidai yake da na fuskar rana ba: waɗanda elektaron ɗinsu na farko ke fita da sauƙi, irin ƙarfe da silikon da magniziyam, sukan ninka sau uku ko huɗu idan aka gwada su da iskar oksijin ko niyon, kuma ninkin yana bambanta daga wuri zuwa wuri. Wanda ya gwada layin ƙarfe da na oksijin ya jawo wa kansa wannan rikici. Wanda ya gwada ƙarfe da ƙarfe ya huta da shi.

Inda ake samo hasken

Ido yana ganin haske daga kusan 4,000 zuwa 7,000 Å. Yawancin layukan da aka lissafa suna can ƙasa, a ɓangaren ultrabayolet mai tsanani, kuma iskar duniya tana shanye wannan haske tun yana sama da kilomita 100. Dole a fita sararin samaniya. A ranar 10 ga Oktoba, 1946 ne ƙungiyar Richard Tousey ta ɗakin binciken sojan ruwan Amurka ta ɗora na'ura a kan rokar V-2, ta samo bakan ultrabayolet na rana na farko daga saman iskar ozon. Tashar Skylab ta biyo baya a 1973, sai SOHO a Disamban 1995.

Wahalar tana da lada. A zangon 195 Å fuskar rana kusan baƙa ce wuluk, don zafinta bai isa ya fitar da irin wannan haske ba. Saboda haka ana ganin korona a tsakiyar faifan rana kowace rana, ba sai an jira kusufi ba.

Na'urori uku ne aka fi dogaro da su a yau. EIS tana kan tauraron Hinode da Japan ta harba a Satumban 2006, tana duba zango biyu, kusan 170 zuwa 210 da 250 zuwa 290 Å, inda matakan ƙarfe daga Fe VIII zuwa Fe XVII suka taru, har da Fe XXIII da Fe XXIV. IRIS, wadda aka harba a Yunin 2013, tana da Fe XII a 1349.40 da Fe XXI a 1354.08. AIA kuma, a kan tauraron SDO na Fabrairun 2010, tana ɗaukar hoton rana gaba ɗaya kowane sakan 12, ta cikin matatai masu lambobin 94, 131, 171, 193, 211, 304 da 335. Ta ƙarshen ba ta tsaga haske, hoto take bayarwa, kuma kowace matata tana tattaro layuka da dama wuri guda. Biyun farko su ne masu raba layi da layi: haske yana shiga ta siririyar tsaga, ya faɗa kan faranti mai dubban tsage-tsage, ya baje bisa tsawon zango. Idan aka riƙa gusa tsagar kaɗan-kaɗan a kan rana, sai a samu hoton wurin a kowane layi daban.

Mataki na farko: tsabtace bayanai da gyara ma'aunin zango

Ɗanyen bayanin da ya sauko daga tauraro cike yake da dauɗa. Akwai ɗan siginar da kyamara ke bayarwa ko a cikin duhu, akwai fiksel da suka lalace suna nuna haske kullum, akwai kuma ɗigon da ƙwayoyin sararin samaniya ke bari idan sun bugi kyamara, musamman lokacin da tauraro ke ratsa saman kudancin tekun Atlantika. Ɗigo ɗaya da ya faɗa a wurin da ya dace yana iya kama da sabon layi. Manhajar eis_prep a cikin SolarSoft tana share waɗannan, ta mayar da ƙidayar kyamara zuwa ma'aunin haske na gaskiya. Masu aiki da Python kuma suna da EISPAC, wadda ke karanta bayanan da aka riga aka tsabtace.

Sai ma'aunin zango. A EIS kowane fiksel yana ɗaukar kusan 0.022 Å. A wajen layin 195.12, gocewar fiksel ɗaya daidai take da gudun kilomita 34 a sakan bisa ƙa'idar Doppler, inda filasmar da ke tahowa take jan layi zuwa gajeren zango, mai tafiya kuma ta tura shi zuwa dogo. Matsalar ita ce na'urar ba ta da fitilar gwaji a cikinta, kuma yayin da Hinode ke zagaya duniya cikin kusan minti 98, ɗumi da sanyi suna sa sassanta miƙewa da tsukewa, layuka su riƙa kai da kawowa da abin da ya kai gomman kilomita a sakan. Tsagar ma ta ɗan karkace. Ana cire waɗannan da lissafi, sannan a nemi wurin da rana ke kwance lafiya a cikin hoton, a ɗauka matsakaicin gudun Fe XII a nan sifili ne. Masu IRIS sun fi sa'a, don suna da layin oksijin a 1355.60 wanda da wuya yake motsi, shi suke kafawa a matsayin alama.

Mataki na biyu: fara da sanannu

Mai bincike ba ya fara da layin da ya ba shi mamaki. Yana fara da waɗanda ba a gardama a kansu. A bakan EIS, mafi tsawo a ƙidayar kyamara kusan kullum shi ne Fe XII a 195.12, kuma yana da 'yan'uwa biyu a 193.51 da 192.39. Ukun suna saukowa ne zuwa matakin ƙasa ɗaya, kuma ƙarfinsu yana bin tsarin uku, biyu, ɗaya. Duk wanda ya ga wannan tsari ya san inda yake. Kusa da su akwai tagwayen Fe XI a 188.22 da 188.30, da Fe X a 184.54, da Fe XIII a 202.04. A ɗaya zangon, Fe XV a 284.16 ne ke mamaye wuraren da maganaɗisu ya taru a kan tabon rana.

A nan akwai tarko. Tsawon layi a ɗanyen bayani ba shi ne ƙarfinsa na gaskiya ba, domin madubin EIS ya fi kama haske a wajen 195. Layin Fe IX a 171.07 yana cikin mafi ƙarfi a duk korona, amma ya faɗo a bakin iyakar na'urar, sai ya fito a raunane. Shi ya sa ake amfani da wasu layukan Fe IX a 188.50 da 197.86, waɗanda Peter Young ya gano mai su a 2009.

Kowane layi ana ɗora masa lanƙwasar Gauss da kwamfuta, a fitar da abu uku: tsakiyarsa, faɗinsa, da jimillar haskensa bayan an cire hasken bango. Daga nan sai a buɗe CHIANTI, rumbun bayanan ƙwayoyin zarra da aka fara fitarwa a 1996, wanda masana daga Amurka da Ingila da Italiya suka kafa. Za a ba shi zangon da aka gani, ya jero duk layukan da ke kusa.

Mataki na uku: tambayoyi huɗu kafin a sa wa layi suna

Jadawalin zai ba da sunaye da yawa ga layi guda, domin ayon ɗin ƙarfe na tsakiya suna da dubban layuka. Jerin da Charles Brown da abokan aikinsa suka wallafa a 2008 daga bayanan EIS ya ƙunshi layuka kusan 500, kuma waɗanda aka san masu su sun ɗara rabi ne da kaɗan. Don haka ana yi wa kowane ɗan takara tambayoyi.

Ta farko: ina 'yan'uwansa? Idan layin na Fe XVI ne, to sauran layukan Fe XVI da na'urar ke iya gani dole su bayyana, kuma da ƙarfin da lissafi ya faɗa. Layin 335.41 yana ninka na 360.76 kusan sau biyu. Layuka biyu da suka fito daga matakin sama ɗaya kuwa, rabon da ke tsakaninsu ba ya sauyawa ko da zafi ko cunkoson elektaron ya sauya. Idan rabon ya kauce, ko dai sunan ba daidai ba ne, ko wani layi ya ɓuya a cikin ɗaya daga cikinsu.

Ta biyu: faɗinsa ya dace? Zafi yana sa ayon su riƙa kai-komo, wannan kuma yana faɗaɗa layi. Ƙarfe a digiri miliyan 1.5 yana wannan motsi da gudun kusan kilomita 21 a sakan, a miliyan 10 kuma kusan 55. Layin da aka ce na filasma mai miliyan 10 ne ba zai yiwu ya fito siriri ba.

Ta uku: hotonsa ya yi kama da na wa? Wannan ce dabarar da ta fi warware gardama. Ana zana hoton wurin da hasken layin da ba a sani ba, a ajiye shi kusa da hotunan sanannu. Fe VIII yana nuna ƙafafun madaukan maganaɗisu masu bazuwa a gefen tabo. Fe XII yana nuna dogayen madaukai, da wani ɗigo-ɗigon haske a gindin masu zafi. Fe XVI ba ya nuna komai sai dunƙulen tsakiyar yankin. Layin da hotonsa ya fito irin na Fe VIII ba zai zama na Fe XV ba, ko da lambar ta dace har zuwa ɗigo na uku.

Ta huɗu: wurin ya cancanta? A ramin korona, inda layukan maganaɗisu suke a buɗe kuma zafi ke wajen miliyan ɗaya, Fe XV da Fe XVI kusan babu su. Wanda ya ga Fe XXIV a inda rana ke kwance lafiya, wani abu daban ya gani.

Mataki na huɗu: raba waɗanda suka cakuɗe

Abin da ya gani kuwa sananne ne. A dab da 192.03 akwai wani raunannen layin Fe XI da ke nan kullum. Sai rana ta yi tartsatsi ne Fe XXIV ke tasowa ya danne shi, kuma hanyar tabbatarwa ita ce a duba ɗan'uwansa a 255.11, wanda ya kamata ya gaza rabin na 192.03.

Irin wannan cakuɗewa ta cika bakan. Fe XIV a 274.20 yana ɗauke da silikon, Si VII, a cikinsa. Fe VIII a 185.21 yana haɗuwa da nikel, Ni XVI, a wurare masu zafi, har ya sa a zaci akwai filasma mai sanyi a inda babu. Fe XIII a 203.83 yana da Fe XII a kafaɗarsa a 203.72. Ko shi babban layin 195.12 yana da wani ƙaramin Fe XII a 195.18, wanda ke girma idan cunkoso ya ƙaru. A IRIS, layin kabon a 1354.29 yana zaune a jikin Fe XXI, sai dai faɗi yana raba su: na kabon siriri ne, na ƙarfen kuwa faɗinsa ya kai 0.4 Å saboda zafi kaɗai.

Magani iri biyu ne. Idan tsakiyar layukan ta ɗan rabu, ana ɗora lanƙwasa biyu ko uku lokaci guda. Idan sun hau kan juna sarai, ana neman wani tsabtataccen layi na baƙon, a lissafa rabonsa daga can, a cire. Ga Fe XIV a 274.20, ana auna Si VII a 275.35, a yi amfani da sanannen rabon da ke tsakaninsu.

Matatan AIA ma ba su tsira ba. Ta 131 tana ɗauke da Fe VIII da Fe XXI tare, ta 193 tana da Fe XII da Fe XXIV, ta 94 kuma tana haɗa Fe XVIII da layukan filasma mai miliyan ɗaya zuwa biyu. Hasken da ya tashi a 131 yana iya nufin digiri 400,000, yana iya nufin miliyan 10. Sai an gwada da sauran matatan ake sanin wanne ne.

Mataki na biyar: cunkoso kafin zafi

Wasu layukan ƙarfinsu ya dogara da yawan elektaron a wurin, ba zafi kaɗai ba. A siririyar filasma, ayon yana samun lokacin komawa matakin ƙasa kafin wani bugun ya zo. A cunkusasshiya kuwa, ana sake bugunsa tun yana tsakiyar hanya, sai wasu layukan su ƙaru, wasu su ragu. Fe XIII ya fi kowa nuna wannan: a inda rana ke kwance, 202.04 ne babba, amma a tsakiyar yankin tabo 203.83 yana wuce shi. Haka rabon Fe XII 186.88 da 195.12. Da waɗannan ake gane cewa korona mai lafiya tana da elektaron miliyan 100 zuwa biliyan ɗaya a kowane santimita ɗaya na tsawo da faɗi da zurfi, yankin tabo kuma biliyan ɗaya zuwa 10. Sai an sa wannan lamba a cikin CHIANTI ne lissafin zafi zai tsaya daidai.

Mataki na shida: daga haske zuwa zafi

Hanya mafi sauƙi ita ce rabon maƙwabta biyu, misali Fe XI da Fe XII, ko Fe XII da Fe XIII. Idan zafi ya ƙaru, na sama yana ƙaruwa, na ƙasa yana raguwa, kuma CHIANTI yana ba da lanƙwasar da ke mayar da rabon zuwa digiri. Amma korona shara-shara ce. Hasken da ya faɗa kan fiksel ɗaya jimillar duk abin da ke kan hanyar gani ne, mai zafi da mai sanyi, na gaba da na baya. Rabon layi biyu kullum zai ba da lamba, kuma lambar kullum za ta faɗo kusa da zafin waɗannan ayon biyu, ko da yawancin filasmar tana wani zafi daban.

Don haka ana gwada dukkan layukan tare. Ga kowane layi, ana raba hasken da aka auna da ƙarfin da lissafi ya ce layin zai bayar a kowane zafi. Sakamakon lanƙwasa ce mai rami a tsakiya. Idan aka zana na Fe IX zuwa Fe XVI a takarda ɗaya suka ratsa juna a wuri guda, filasmar zafinta ɗaya ne, kuma wurin haɗuwar shi ne amsa. Haka ake samu a saman gefen faifan rana inda babu tabo: lanƙwasun sukan haɗu a ɗan sama da miliyan ɗaya.

Idan suka ƙi haɗuwa, akwai zafi iri-iri, sai a nemi yadda filasmar ta rarrabu a tsakaninsu. Wannan rabon shi masana ke kira DEM a taƙaice, kuma akwai manhajoji da dama na fitar da shi, irin ta Iain Hannah da Eduard Kontar ta 2012. Da irin wannan lissafi Harry Warren da abokan aikinsa suka duba tsakiyar yankunan tabo 15 a 2012, suka ga yawancin filasmar ta taru a kusan miliyan 4. A wannan ɓangare ƙarfe shi kaɗai yana gazawa, domin bayan Fe XVI layukansa masu ƙarfi a EIS sun yi ƙaranci har sai an kai Fe XXIII. Ana cike giɓin da kalsiyam, daga Ca XIV zuwa Ca XVII, da kuma Fe XVIII na matatar 94. Kalsiyam yana cikin rukunin ƙarfe wajen ninkuwa a korona, shi ya sa haɗin bai cika kawo matsala ba.

Lokacin tartsatsin rana

Idan maganaɗisu ya tsinke ya sake ɗaurewa, bakan yana sauya kama cikin mintuna. A tartsatsin 10 ga Satumba, 2014, IRIS ta ga Fe XXI ya goce zuwa gajeren zango da gudun da ya kai kilomita 300 a sakan, alamar filasmar da aka ƙona a ƙasa tana tasowa ta cika madaukai. Wannan gudu yana kawar da layin da fiye da angistirom ɗaya daga mazauninsa, ya kai shi cikin sirarran layukan wasu sinadarai, inda mai dogaro da jadawali kaɗai ba zai neme shi ba. A ranar 10 ga Satumba, 2017 kuma, a babban tartsatsin da ya tashi a gefen yamma na rana, EIS ta ga wani dogon siririn zare a saman madaukai yana haske a Fe XXIV, zafinsa tsakanin miliyan 15 da 20.

Abin da ke ɓata lissafi

Na'ura tana tsufa. Zangon EIS mai tsawo ya yi rauni fiye da gajeren cikin shekarun farko, har Giulio Del Zanna a 2013 da ƙungiyar Warren a 2014 suka fitar da sabbin gyare-gyare. Wanda ya gwada Fe XII na gajeren zango da Fe XV na dogon, dole ya faɗi gyaran da ya bi. Kyamarorin zangunan biyu kuma ba su kalli wuri ɗaya daidai ba, sai an jera hotunansu kafin a raba. Lissafin CHIANTI yana ɗauka cewa ayon sun samu lokacin daidaituwa da zafin wurin, abin da ba lallai ya tabbata ba a farkon tartsatsi ko a iskar da ke ficewa daga rana da sauri. Bayanan ƙwayoyin zarrar su ma ana sabunta su, don haka ana rubuta fitowar CHIANTI da aka yi aiki da ita a cikin kowane rahoto.

Duk kayan wannan aiki kyauta suke a intanet: bayanan Hinode da IRIS da SDO, rumbun CHIANTI, da manhajojin SunPy da ChiantiPy da EISPAC. Ɗalibin kimiyyar lissafi ko fiziks da ke da kwamfutar tafi-da-gidanka zai iya sauko da hoton EIS guda na wani yankin tabo, ya nemo ukun nan na Fe XII, ya tabbatar da tsarin uku, biyu, ɗaya, sannan ya zana wurin a Fe VIII da Fe XII da Fe XVI ya jera su. Bayan wannan sai rabon 203.83 da 202.04 don cunkoso, daga nan ya shiga lissafin zafi da layukan da ya riga ya tabbatar da masu su.